Katafilar da Ke Amsawa a Makare

Duk yaron da ya leƙo ɗakin aikina ya gan ni a kujera mai laushi, fanka tana kaɗa ni, hannuwana a kan 'yan libobin tuƙi biyu da ba su fi cokali ba, abin da yake fara cewa shi ne, "Baba Isiyaku, wannan ai gem ne." Wani ma har ya ƙara da cewa in na ba shi kujerar zai nuna min yadda ake yi. Ba na jin haushi. Amma tunda kun matsa, ku zauna in gaya muku yadda aka yi na baro kan katafila na dawo wannan kujera, da yadda duniyar wata ta shigo cikin maganar, ni da ko jirgin sama ban taɓa hawa ba.

A wata ma'aikatar fasa dutse ta hanyar Bwari na koyi aiki, a hannun Oga Bitrus. Katafila mai dogon hannu yake tuƙawa, wadda ke haƙa da bokiti mai haƙora tana loda wa tifa. Na daɗe a wurinsa kafin ya bar ni na taɓa liba. Aikina giris ne, da duba mai, da kankare lakar da ta maƙale a sarƙa. Da ya ga ban gudu ba, sai ya fara zaunar da ni a bayan kujerarsa, ya ɗaure min ido da tsumman goge gilashi, ya kafa bokiti a ƙasa ya ce in faɗi me ya taɓa. In na ce laka alhali tsakuwa ce, sai in sha ranƙwashi. Yakan ce, "Ido na mai kallo ne. Direba da mazaunansa yake aiki." Na ɗauka ba'a ce, ashe gaskiya yake faɗi. Duk abin da haƙoran bokiti suka ci, sai ya biyo ƙarfe ya zo kujera ya shiga ƙashin bayanka. Marmara tana da nata kaɗawar, dutse mai rai yana da nasa, ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar kuwa laushinta daban ne. Kunne kuma yana kan injin, yana jin lokacin da ta fara nishi.

Akwai wani aikin magudanar ruwa da na yi a bayan wani layin shaguna a Wuse, bayan na zama direban kaina. Wurin a matse yake, in na juya hannun katafila sai ya kusa shafar rumfar mai shayi. Masu shaguna sun tsaya a kaina, kowa yana so a gama a buɗe masa ƙofa, wata mai sayar da atamfa tana ta cewa, "Oga, yi sauri mana, kastoma na komawa." Ina cikin ja sai na ji wani santsi a kujera, wanda ba na dutse ba ne, ba kuma na saiwa ba. Na tsaya cak. Aka shiga da shebur, sai ga bututun ruwa kwance, wanda babu wanda ya san da shi a wurin. Haƙori ɗaya ya shafe shi, bai huda ba. Mai atamfar nan da ke zagina a zuci ita ta aiko min da lemo mai sanyi. Irin wannan shi nake taƙama da shi a lokacin, kuma ban taɓa tunanin akwai ranar da za a raba ni da shi ba.

Sai wata shekara mara daɗi ta zo. Ayyuka suka tsaya, injuna suka yi ta tsatsa a yadi, ciyawa ta fito a tsakanin sarƙoƙinsu. Da aiki ya fara dawowa kuma, bayana ya ce bai san zancen ba. Wata safiya na sauko daga katafila na kasa miƙewa. Likita ya ɗaga hoton ƙashina a fitila ya ce girgizar shekaru ce ta cinye shi, in na koma kan injin to in fara neman keken guragu. Ƙanena yana da ɗan shago a kasuwar Wuse inda yake sayar da rimot na talabijin da na ƙofar gida, sai ya ajiye min benci. Na zauna ina sa wa mutane batir. Mutumin da ya saba ɗaga dutsen da ya kai ɗaki girma, ga shi yana murza ɗan sukurun da sai ya sa tabarau yake ganinsa. Raina ya ɓaci a wannan shekara, ba zan ɓoye muku ba.

A kan bencin nan Injiniya Rifkatu ta same ni. Wani direban tifa ne ya kwatanta mata ni. Mace ce 'yar siririya mai saurin magana, da takalmin aiki duk ƙura. Ta gaishe ni, ta ce, "Baba, muna neman tsofaffin direbobi. Muna gina wata 'yar katafila da ake tuƙawa daga nesa, irin wadda za ta iya aiki a duniyar wata."

Na dube ta, na dubi ƙanena. Na ce, "'Yata, wane ne ya ba ku kwangila a can?"

Ta yi dariya ta ce babu kowa tukuna, kuma su ba su da kumbo. Su 'yan ƙungiyar injiniyoyi ne kawai da suke so in ranar ta zo a tarar mutanenmu sun iya. Ta ce kafin ɗan Adam ya je ya zauna a can, injuna ne za su riga shi, su share fili, su yi masa ɗaki, masu tuƙa su kuma suna zaune a nan ƙasa. Sannan ta faɗi abin da ya sa na miƙe zaune duk da ciwon baya. Ta ce wannan rimot ɗin na tuƙi daga nesa za su ɗaura wa manyan katafiloli a wuraren fasa dutse, inda bango ke ruftowa kan direba. Za su gwada mutane, wanda ya iya za su riƙe shi. Kujerar kuma ba ta girgiza.

A ƙauyen Yangoji aka yi gwajin, a gonar wani dattijo, Baba Danjuma. Aron rani ya ba su, da sharaɗin ranar da ruwan farko ya sauka a kwashe komai, domin 'ya'yansa za su ɗaga kunyoyin doya. Aka shimfiɗa leda mai kauri don kada a ɓata masa ƙasa, aka zuba garin dutse tifa bayan tifa, busasshe ƙarau, wai shi ya fi kama da ƙasar can. A tsakiya aka hura wani tanti mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wanda mutum biyu za su iya kwana a ciki. Aikin shi ne a binne shi da garin dutsen har ya ɓace, ba tare da an yaga shi ba. Injiniya ta ce haka za a yi a can, domin babu iskar da za ta tare zafin rana da ƙananan duwatsun da ke faɗowa, sai dai ƙasa ta zama bargo. Ita katafilar kuwa ba ta wuce keke napep girma ba, da batir take aiki, tana da kyamara a goshi da wata a gwiwar hannu.

Mu direbobi a cikin kwantena aka sa mu, can gefen gona, ba taga. Allo ne a gabanka da libobi biyu, shi ke nan. Ranar farko na ce a ƙaro min sauti ban ji injin ba. Aka ce ai babu, a can babu iskar da za ta ɗauko ƙara. Na ce to. Na tura liba, ban ga komai ya motsa ba. Na ƙara turawa. Shiru. Na danna da ƙarfi, sai kawai na ga hannun katafila ya zabura ya wuce inda nake so, na ja baya da sauri, bai dawo ba, na ƙara ja, sai ya dawo ya wuce ta ɗaya gefen. Haka ta yi ta tangaɗi a fili kamar ta sha wani abu.

Na ce, "Injiniya, rimot ɗinku ya lalace. Ni sana'ar ƙanena ce, kawo in duba batir."

Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Baba. Mu muka sa jinkirin da gangan. Wata yana da nisa. Kafin umarninka ya je, hoton abin da ya faru ya dawo maka, an kusa daƙiƙa uku. Duk abin da kake gani a allon nan ya riga ya wuce."

Daƙiƙa uku ba komai ba ne in kana jiran shayi. A kan liba kuwa wata rayuwa ce. An ɗauke min kujera, an ɗauke min kunne, idon da aka bar min kuma labarin da ya wuce yake ba ni. Samarin da aka kawo tare da ni, irinku masu gem a waya, su ma sun sha wuya, domin yatsunsu sun fi nawa gaggawa. Amma su ba su da abin da za su manta. Ni kuwa jikina yana ta jiran girgizar da ba za ta zo ba, har na kama kaina ina yin kukan injin da bakina, samarin suna ƙunshe dariya. Na yaga tanti. Aka kawo wani, na zuba masa bokiti guda a ka daga sama, ya fashe. Injiniya ba ta yi faɗa ba, ta dai ce saura ɗaya, kuma shi na ranar gwaji ne. Na san abin da take nufi. Bencin Wuse yana nan yana jirana.

Abin da ya hana ni tattara kayana shi ne tambayoyi sun cika min kai. In muna cin abincin rana a inuwar kwantena sai in tsare ta. Me ya sa aka yi wa katafilar ƙaramin bokiti haka? Ta ce a can komai ba ya da nauyi sosai, in ta kafa babban bokiti ta ja, maimakon ƙasa ta taso ita ce za ta ɗaga. Da me za a kwaɓa ƙasa a yi bulo tunda ba rijiya? Ta ce wasu suna gwada gasa ta da zafin rana har ta haɗe. Da ta ce min rana ɗaya a can takan kai mako biyu kafin ta faɗi, dare ma haka, sai na ajiye cokali. Na ce to mai azumi fa? Wanda yake tsaye a kan watan, wane wata zai duba ya san Ramadan ya kama? Ina zai fuskanta in zai yi salla, sama? Ta ɗaga hannu ta ce wannan kam ya fi ƙarfin karatunta, in tambayi malamai. Na tambayi limaminmu, ya ce zai bincika, har yau in mun haɗu sai ya ce bai manta ba.

Kullum da azahar nakan bi ta ƙofar gidan Baba Danjuma in ɗebi ruwan alwala. Yana zaune a gindin mangwaro a kujerar katako, ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki, hannu ɗaya a kwance a cinya. Nakan gaishe shi irin gaisuwarmu ta 'yan aiki, a tsaye, a jere: ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba ya cewa komai, sai in wuce, na ɗauka ciwon ya tafi da bakinsa. Wani lokaci in na yi nisa nakan ji kamar gunaguni a bayana.

Ran nan 'yarsa Ladi, wadda ke kula da shi, ta ajiye tulun da ta ɗauko a kafaɗa ta tare ni. Ta ce, "Oga, kai kullum kana barin Baba da amsa a baki. Ba kyau."

Na ce, "Ai na zaci ba ya magana."

Ta ce, "Yana magana mana. Yana ji duka. Maganan ne yana zuwa daga nesa. Kai kana zuba masa biyar, shi yana kan na farko, sai ya ruɗe ya rasa wanne zai amsa. Ka ba shi ɗaya, ka tsaya."

Kunya ta kama ni. Na koma na durƙusa a hankali saboda bayana, na ce, "Baba, ina wuni?" Na rufe bakina. Ya dube ni. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Harshena yana ta ƙaiƙayi in ƙara wata, na danne shi. Can sai ga ta, a sarari: "Lafiya." Na ce, "Ya jiki?" Na jira. "Da sauƙi." Muka yi ta yi a haka, ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta hau kan wata. Da muka gama sai shi ma ya jefo tasa, wai wannan abin da muke yi a gonarsa, a can sama za a yi doya? Na ce ban sani ba, amma zan tambayo masa.

Ina tafiya da buta a hannu na tsaya a tsakiyar hanya. Abin da nake yi wa dattijon nan shi nake yi wa katafilar. Ina zuba mata biyar tana kan ta farko.

Na koma kwantena na tura liba kaɗan, na saki, na ɗora hannuwana a gwiwa. A zuciyata na ce ina wuni. Na jira. Hannun katafila ya matsa kaɗan ya tsaya, daidai inda na aike shi. Na sake turawa, na saki, na jira. A ranar na cika bokiti na juye shi a kan wata tsohuwar taya ba tare da na taɓa ta ba. Wani cikin samarin ya ce, "Baba, wannan ai sai an yi sallar layya ba ka gama ba." Gaskiyarsa, aikin ya yi nawa. Injiniya ma ta ce a can batir ba zai jira ni ba, in dare ya rufa shi ke nan. Sai na fara koyon tsawaita gaisuwar. Maimakon taku ɗaya, in auna da ido in aika tafiya guda cikakkiya wadda na tabbata babu haɗari a cikinta, in ajiye gajerun aike sai an zo kusa da abin da ake tsoro. Kullum kuma da azahar ina gaban Baba a durƙushe, shi yana samun abokin hira, ni ina horar da harshena da hannuna a lokaci guda.

Ranar gwajina hadari ya haɗo tun da hantsi ta gabas. Da zan shiga kwantena na ga 'ya'yan Baba maza sun jingina garemaninsu a bakin gona, Ladi kuma ta sa an ɗauko shi da kujerarsa an juyo da shi yana kallon fili. Aka hura tanti na ƙarshe, aka rufe min ƙofa.

Daga gindi na fara, ina zagayawa, ina zuba garin dutse a jikinsa yana gangarowa da kansa, ban yarda in sake shi daga sama ba. Tudu yana tashi, ina yi wa katafila hanyar hawa a jikinsa. Ba na jin tsawa a ciki, amma ina ganin hasken allon yana dusashewa, na san hadarin yana matsowa. Saura ƙoƙon kan tantin kawai, na hau da bokiti cike, sai na ga hoton ya karkace. Garin da ke ƙarƙashin sarƙar hagu ya zame, katafila ta kwanta gefe, haƙoran bokiti suna rataye a kan fatar tantin.

Na ja ta baya kaɗan, na saki. Allon bai nuna komai ba sai ƙarin karkacewa. Duk shekarun da na yi a kan injin suka taso min a hannu, suna cewa ja, ja da ƙarfi, ɗaga bokiti, juya. Da a kan katafilar Oga Bitrus nake, da tuni na yi, kuma da daidai ne. A nan kuwa na san abin da nake gani ya riga ya faru, aiken da na yi yana hanya, in na ɗora masa wani za su haɗu su wujijjiga hannun ya tsaga tantin. Na cusa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu. Gumi yana shiga min ido. Ban taɓa jin tsoro a kan aiki irin na wannan ɗan lokacin ba.

Sai hoton ya girgiza, ya ja baya, ya miƙe. Ta amsa.

Na gyara hanyar da bokiti biyu, na sake hawa, na saukar da hannun har ya kusa taɓawa, na buɗe a hankali. Farin tantin ya yi ta raguwa har ya ɓace. Da aka buɗe ƙofar kwantena iska mai ƙanshin ruwa ta buge ni. Injiniya Rifkatu ta rarrafa ta ɗan ramin da aka bari a matsayin ƙofa ta shige ciki da tocila. Ta daɗe. Ta fito gashinta fari fat da gari, ta wuce tana ƙwala wa samari kira su rufe na'urori, domin ɗigon farko ya fara sauka.

Ni dai gindin mangwaro na nufa. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gani?" Ruwa ya fara ƙarfi, kowa yana gudu da kaya a ka, Ladi ta zo za ta ɗaga shi, ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya. Leɓensa yana motsi. Na zauna a wurin, ruwa yana bin wuyan rigata, ina jira.

Ya ce, "Gobe." Ya huta. "Ka zo da wuri." Ya sake hutawa. "Ka kwashe ƙasarka. Doya zan sa."

Ban san Injiniya tana tsaye a bayana ba sai da na ji muryarta. Ta ce, "Ka ji mai gona, Baba Isiyaku. Da sassafe. Kai za ka tuƙa."

Tun ranar da likita ya ɗaga hoton nan a fitila, ba wanda ya sake ce min in zo aiki gobe. Na ce musu to, Allah ya kai mu, na tashi na kama ƙafar kujerar Baba ɗaya muka shigar da shi daga ruwan.